Kakanni Tara a Aljihu

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Dutse, kuma duk cikin darussan babu wanda nake ji da shi kamar na yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu. Manhaja ba ta ba shi fili ba, layi biyu ne a ƙarƙashin babin jijiyoyi, amma ni nakan ja shi har kwana uku, domin a nan ne nake samun damar nuna wa yara cewa malaminsu ya yi karatu.

Nakan zana ƙwayoyin jijiya guda biyu a allo, in bar 'yar rata a tsakaninsu. In ce musu waɗannan biyun kamar surukai suke, ba sa haɗa jiki, sai dai aike. Ta farko ta fesa wani sinadari, ya tsallaka ratar, ya ƙwanƙwasa ƙofofin ta biyun. In ƙwanƙwasar ta yi ƙarfi, sai wata ƙofa da ke toshe ta buɗe, kalsiyam ya kwararo ciki, ƙwayar ta yi firgigit ta ƙara jera ƙofofi a bakin ratar, yadda in aiken ya sake zuwa za a ji shi da wuri. Wannan shi ne riƙo na ɗan lokaci. Da kayan da ke cikin gida aka yi shi, kuma ba ya jimawa yake warwarewa. In ana son abu ya zauna, sai labari ya kai can tsakiyar ƙwayar inda kundin gado yake, a buɗe shafin da ya dace, a ƙera sababbin furotin, a yi wa mahaɗar gini na gaske har ta fitar da sabon reshe. Gini kuwa yana son lokaci, yana son a huta a dawo masa, yana son barci. Saboda haka, in ce da su, wanda ya haɗiye littafi ana gobe jarrabawa rumfar kara ya kafa, kada ya yi mamaki in ya waiwaya bai gan ta ba.

Yaran su gyaɗa kai, su rubuta da kyau, su ja layi a ƙarƙashi, sannan su jira har ana gobe jarrabawa su haɗiye shi tare da sauran. Ni kuma in yi musu dariya a ɗakin malamai.

Ana nan sai wata Asabar da hantsi ɗan marigayi yayana ya zo gidana a Yalwawa. Ni na riƙe shi tun yana firamare, yanzu malamin dabbobi ne, yana zagaya rugage yana yi wa shanu allura. A wajen wannan zagayen ya ga wata yarinya a ƙasar Buji, ta gama makarantar kiwon lafiya tana aiki a ƙaramin asibitin ƙauyensu. Sun daidaita, iyayenta sun yarda, saura mu je nema. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya zuba wa tabarma ido kamar yau ya fara ganinta.

"Baffa, akwai 'yar matsala."

"Sun ce ka cika tsawo?"

"Kakanta ne. Ya ce bai san mu ba."

"To ai shi ya sa za mu je, ya san mu."

"Ba haka yake nufi ba. Ya ce an gaya masa mu ma asalinmu Fulanin daji ne, to wanda zai zo nema ya zo da kakanninsa a baki. Wa ya haifi wa, ina ya yi kiwo, gidan wa ya yi aure. Ya ce haka ake yi a gidansu tun da can."

Tsohon ba ya yi wa jikokinsa dole, amma in ya ce bai san mutum ba, babu mai karɓar goronsa a gidan, ita kuma yarinyar ba za ta tsallake maganarsa ba. Auren yaron nan dai ya rataya a bakina. An sa mana sati uku. Na ce ya je ya kwantar da hankalinsa, in dai hadda ce ya zo gidanta.

Gaskiyar magana, daga kakana ban san kowa ba. Ubanmu ya bar daji yana saurayi, ya shiga aikin gwamnati, mu muka tashi a kan benci. Wadda ta rage da labarin ita ce Goggo, ƙanwar babanmu, da ke zaune a ɗakin baya na gidana. Haƙoranta sun tafi sun bar ta, harshen kuwa yana nan da ƙuruciyarsa. Har yanzu ita ke sayen madara wajen matan ruga ta haɗa kindirmonta da kanta, wai na gari ruwan alli ne.

Na shiga wajenta da sabon littafi da biro.

"Goggo, kakanninmu na zo ki ba ni."

"In ba ka su ka kai su ina?"

Na yi mata bayani. Ta saurara tana gyara faifan ƙwarya, ta ce su tara ne ta sani, in an haɗa da ubana.

"Ɗaya zan ba ka yau. Gobe ka dawo mini da shi. In ya kwana lafiya a wajenka, in ƙara maka wani."

"Goggo, mutum tara ne fa kacal. Ni da nake riƙe sunan yaro sittin a aji guda."

"Yaranka kullum suna gabanka suna yi maka surutu. Waɗannan sun mutu, sai an lallaɓa su."

Na roƙa, ta ƙi. Na kawo goro fari manya, ta karɓa ta yi godiya, ta ƙi. Sai na tuna wata dabara da kowane tsohon malami ya sani: mutumin da ba zai amsa tambaya ba, zai gyara kuskure. Na gyara zama na ce, "Ai shi ke nan, na ma tuna. Kakan kakanmu ba shi ne Bamagujen nan mai kiwon alade ba?"

Ban taɓa ganin tsohuwa ta miƙe zaune da sauri haka ba. Ta yi salati, ta kira ni abin da ba zan rubuta ba, ta kama jero su. Duk inda ta lafa sai in jefa wata ɓarnar, in ce ai a Kiyawa ya rasu, ta ce ƙarya nake yi, a Garki ne, ga ma wadda ya aura, ga uban matar. Kafin azahar na kwashe su tara cif. Na koma ɗaki na ja layuka da rula: suna, wurin kiwo, mata, inda ya koma. Tebur ya fito tsaf, da mai duba makarantu ya gani da ya yaba.

Na sa shi a aljihun tebur, na ce gobe zan fara. Gobe ta zo da takardun jarrabawar ƙarshen zango, aji huɗu. Bayan su aka yi rasuwa a unguwa. Bayan rasuwa mota ta ƙi tashi. Sai da ya rage kwana biyu na ciro takardar. Na rufe ƙofa, na sa aka yi mini shayi mai kauri, na yi ta maimaitawa daga sama zuwa ƙasa har ta zama kamar waƙa a bakina. Barcin kwana biyun nan ban ba shi haƙƙinsa ba. Ranar tafiya da safe na jero su a gaban madubi ba gargada, har na ɗan sunkuya wa kaina.

Damina ce, gero ya yi kai, hanya duk taɓo. Muka tafi ni da dattawa biyu na unguwa. Yaron shi ya tuƙa mu, amma bisa al'ada ya tsaya can nesa wajen mota. Aka shimfiɗa mana tabarmi a ƙarƙashin wata tsamiya, aka kawo fura da nono. Tsohon ya fito, siriri kamar sandarsa, da malafa, da ido irin na wanda ya saba hango saniya tun tana ɗigo a bakin daji. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu da ruwa da mutanen gida. Ya yi mini magana da Fillanci, na yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da ba a koya masa ba. Ya juya Hausa.

"To Malam, kai ɗan wane ne?"

Na gyara murya. Ubana, kakana, uban kakana, suka fito a jere kamar 'yan fareti. Na shiga na huɗu, na ce ya yi kiwo a ƙasar Garki, ya tashi da damina ya gangaro kudu. Tsohon ya ɗaga yatsa.

"Dakata. Bafulatani ba ya tashi da tsakiyar damina haka kawai. Me ya tashe shi?"

Teburina ba shi da layin dalili. Na ce Allah ne ya ƙaddara. Ya ce haka ne, kowa ma Allah ne ya ƙaddara masa, ci gaba. To a nan aka samu matsala. Waƙa na haddace, kuma waƙar da aka katse ba ta ci gaba daga tsakiya. Na koma kan ubana na sake gangarowa, ina jin dattawan ruga suna gyara zama. Na wuce na huɗu da gudu, na faɗa na biyar, na ba shi mata, na kama hanyar na shida.

"Malam," in ji tsohon a hankali, "matar nan da ka ba shi, 'yar gidanmu ce, na san labarinta. Ita ta haife shi. Ka aura wa bawan Allah uwarsa."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, inda takardar take a ninke.

"Bar ta a inda take," in ji shi. "Ita ba ta zo neman aure ba. Fillanci na yafe muku, na ga ya daɗe da barin gidanku. Amma mutum ya zo da kakanninsa a aljihu, in rigar ta ɓata fa? Je ka. In an yanke gero ka dawo. In ka zo da su, mu yi magana. In ba ka zo da su ba, mu sha fura mu rabu lafiya."

A mota yaron ya yi ta satar kallona ta madubi har muka hau kwalta. Can ya ce, "Baffa, yaya aka yi?"

"An ba mu damar sake zama," na ce. Ya gane, shi ma ya yi makaranta. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa na kan hanya har Dutse. Wannan ya fi maganar tsohon tsaya mini a rai.

Goggo ban gaya mata komai ba, fuskata ta karanta. Ta ce in zauna. Ta jawo ƙwaryar madarar da aka kawo mata da yamma, ta ɗiga ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gado.

"Buɗe ka sha kindirmo," in ji ta.

"Ai yanzu kika zuba, Goggo."

"Au, ashe ka sani. To in na zauna ina girgiza ta daga nan har asuba, za ta kama?"

"Ba za ta kama ba."

"Sai an bar ta ta kwana. Kai da aka ce kana koya wa 'ya'yan mutane. Allah ya jiƙan 'ya'yan mutane."

Abin da ya fi ba ni haushi, kamawar nono ma aikin furotin ne. Na buɗe baki in gaya mata, na ga ba ranar ba ce.

Washegari muka fara, bisa sharaɗinta: ba littafi, ba biro, ba waya. Bayan la'asar in zauna a bakin ƙofarta ta ba ni mutum ɗaya. Ba suna da wuri kawai ba, mutum sukutum: tsawonsa, fushinsa, kalar bijimin da yake ji da shi, abin da matarsa ke ce masa in sun yi faɗa. Da safe kafin in tafi makaranta in dawo mata da shi. In ya dawo da ƙafa ɗaya, ranar babu sabo. Wani lokacin sai ta yi kwana biyu ba ta ƙara mini kowa ba, wai a bar na jiya ya saba da gidan.

Ranar na huɗu ce ba zan manta ba. Ashe ciwo ne ya shiga garkensa. Ya wayi gari ya tarar da fiye da rabin shanun a kwance, waɗanda ya san kowace da sunanta da na uwarta. Bai jira rani ba, ya ɗora tsohuwarsa a kan takarkari, ya kora bakwai ɗin da suka rage cikin ruwan sama, bai waiwaya ba. Goggo ba ta taɓa ganinsa ba, a bakin kakarta ta ji, amma tana faɗa tana share ido da bakin zane. Wannan ban maimaita shi ko sau ɗaya ba, ya zauna. Na san dalili, ina ma koyar da shi: in zuciya ta motsa, jiki yakan saki sinadaran da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa wannan a yi masa gini mai kyau. Sanin dalilin bai hana ni neman hankici ba.

Sai kuma jarrabawar ba-zata. Ina tsaye ina asuwaki, sai in ji murya daga taga: "Na shida, wa ya aura?" Ina ƙoƙarin tayar da mota: "Na uku, me ya raba shi da ƙaninsa?" Ba ta bin jeri, daga na takwas sai ta faɗo na biyu. Rannan ina zaune da baƙi, malamai 'yan uwana, ta leƙo ta ce, "Kai na boko, na bakwai a ina aka binne shi?" Na amsa daidai, ta ce, "Yau dai ba ka kunyata mu ba," ta koma. Mai ɗakina ta shiga kicin, ina jin dariyarta tana karo da tukwane.

Ina cikin wannan hali na lura cewa tsohuwar nan, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, darasina take bi layi-layi. Kaɗan-kaɗan, da hutu a tsakani, domin kowane zagaye ya sake aika wa tsakiyar ƙwaya saƙon a ci gaba da gini. Barci a tsakanin karɓa da mayarwa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke sake bin abin da aka yi da rana tana kai shi ma'ajiya. Tambaya maimakon maimaici, domin jawo abu daga ciki ya fi sake zuba shi ƙarfafa hanya. Na sha gaya wa yara labarin ɓerayen da ake ba maganin da ke hana ƙera furotin: su koyi hanya sarai a ranar, washegari su tsaya suna kallonta kamar baƙi. Ban taɓa zaton zan je har Buji in yi wa mutane nunin ɓeran da kaina ba, kuma ba tare da an ba ni maganin ba.

Yaron kuwa kullum Juma'a sai ya zo gaishe ni. Ba ya tambaya. Sai dai in zai tafi ya tsaya a ƙofar Goggo, in ji ta ce masa, "Yana ƙoƙari. Kan ne ya tsufa, amma yana ƙoƙari."

Aka yanke gero, muka koma. Tsamiyar nan, tabarmin nan, sai dai mutanen sun ƙaru, da alama labarin wanda ya aura wa kakansa uwarsa ya zaga rugage. Na sa riga marar aljihu, don kowa ya gani.

Tsohon bai bar ni na fara daga farko ba. Ya ce in ba shi na biyar. Na ba shi, da matarsa ta gaskiya. Ya koma na biyu, ya tsallaka na takwas, ya tambayi abin da ya tashi na huɗu da damina. Da na faɗa, wani dattijo a gefe ya ce su ma an ba su labarin wannan shekarar. Na ji ƙafata ta taka ƙasa.

Sai muka zo kan na bakwai. Na ce shi ne ya haƙa rijiyar nan ta bakin fadama, wadda makiyaya suka sha shekaru suna shayarwa a cikinta.

"A'a," in ji tsohon. "Wannan rijiyar kakanmu ne ya haƙa ta. Naku ya zo ya tarar da ita."

"Allah ya ƙara maka lafiya, namu ne ya haƙa. Rani biyu ya yi yana haƙa, har ƙasa ta rufto masa ta karya masa kafaɗa. Da kafaɗa ɗaya a karkace ya ƙare rayuwarsa."

"Kafaɗar, saniya ce ta take shi."

"Wace saniya ce za ta take mutum a cikin rami gaba goma?"

Na ji muryata ta hau. Ɗaya daga cikin dattawan da na zo da su ya taɓa mini gwiwa, ban kula ba. Ni da watanni uku da suka wuce ban san an taɓa yin mutumin nan a duniya ba, ga ni ina huci saboda an taɓa masa rijiya. Kuma a daidai lokacin wani ɓangare na kaina, wanda ya yi karatu, yana tuna mini cewa duk sanda aka jawo tsohon abu daga ƙwaƙwalwa sai ya yi laushi, a sake gina shi kafin a mayar, ta yadda labarin da ya bi ta bakin mutum bakwai an yi masa sabon yaɓe sau ba adadi. Watau mai yiwuwa ne Goggo da tsohon nan duk ba su da gaskiya, wani Bahaushe ne can ya haƙa rijiyarsa suka zo suka sha. Na san wannan sarai. Na ce wa wannan ɓangaren ya yi mini shiru, na ci gaba da musu.

Tsohon ya tsaya yana kallona, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har malafarsa ta zame, ya juya ya yi wa mutanensa magana da Fillanci, su ma suka kwashe.

"Na ce musu lalle jinin gidan nan ne," in ji shi. "Ubana ya yi wannan musun da kakanka a kasuwa, sai da aka shiga tsakani. Ina yaro, ina riƙe da igiyar maraƙi. Yanzu na san ku. Ku kawo goronku, yarinya na ba ku. Rijiya kuwa tamu ce."

"Mun gode da yarinya, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Maganar rijiya sai na sake dawowa."

"Ka zo da wuri, kada in mutu da gaskiyata."

Aka yi addu'a, aka shafa, aka raba goro. Da muka nufo mota na hango yaron a tsaye, ya jingina da ƙofa, fuskarsa kamar wanda aka ce ya jira sakamako a bakin ofis.

"Baffa, na ji ana ɗaga murya, na ce shi ke nan."

"An ba ka."

Ya durƙusa nan cikin karan gero, sai godiya yake yi yana maimaitawa. Na ce ya tashi ya tuƙa mu kafin rana ta faɗi. Sai da muka hau hanya na dafa kafaɗarsa.

"Amma ka ji. In ka zo gaishe shi ya kawo maka maganar wata rijiya, ka yi ladabi, ka sunkuyar da kai, kada ka yarda."